Jinin maigidana O ne, ya ce korona ba ta kama irinsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 36, rukunin jinina A ne. Maigidana yana da shekara 57, yana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma yana da jiki. Jininsa O ne. Mahaifiyarsa mai shekara 76 tana zaune tare da mu. Kwanan nan wani abokin aikinsa ya kamu da korona, kuma a ofis ɗaya suke yini. Na ce ya yi gwaji, ya kuma ɗan ja baya da ɗakin Mama, sai ya ce cutar ba ta kama masu O, ni mai A ce ya kamata in ji tsoro. Da wannan hujjar ya ƙi karɓar ƙarin riga-kafi. Ni kuwa tun da na ji an ce masu A ne cutar ta fi kashewa, ko tari na yi sai gabana ya faɗi. Wata ƙawata ta ce in riƙa shan asfirin kullum don kada jinina ya daskare. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A cikin ku uku, ke ce kika fi kowa nisa da haɗari, kuma ke ce tsoro ya hana barci. Wanda ya saki jiki shi ne na biyu a haɗari, Mama ce ta farko. An bar jaki ana dukan taiki a gidan nan, kuma ba laifinki ba ne, domin maganar da maigidanki ya riƙe ba ƙirƙirarta ya yi ba. Akwai gaskiya a cikinta, sai dai 'yar ƙarama ce, ya ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Maganar ta taso ne a watan Maris na 2020, daga wani bincike da aka yi a kan majinyata 2,173 a biranen Wuhan da Shenzhen na ƙasar Sin. A cikin mutanen Wuhan masu lafiya, kimanin kashi 32 cikin ɗari masu A ne, kusan kashi 34 masu O. Da aka duba waɗanda ke kwance a asibitin Jinyintan, sai masu A suka haura zuwa kusan kashi 38, masu O suka sauko zuwa kusan kashi 26. Ki lura da adadin ƙarshen nan: a cikin binciken da ya haifi maganar ma, mutum ɗaya cikin kowane huɗu da ke kan gadon asibiti mai O ne.

A watan Yuni na shekarar, mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta fitar da binciken ƙwayoyin gado na majinyatan Italiya da Sifaniya waɗanda numfashinsu ya sarƙe. Shi ne ya ce haɗarin masu A ya ɗara na sauran da kusan kashi 45, na masu O kuma ya yi ƙasa da kusan kashi 35. Daga nan labarin ya cika duniya, kuma daga nan aka fara yi masa mummunar fahimta. Mutane da yawa sun ɗauka ana nufin 45 cikin kowane masu A 100 za su kwanta rai a hannun Allah. Ba haka ake karanta shi ba. Kwatance ne tsakanin rukuni da rukuni: idan a wani taro mutum 2 cikin 100 ne za su jigata, ƙarin kashi 45 zai mai da su kusan 3 cikin 100. Sauran 97 ɗin suna nan lafiya.

Da aka samu bincike masu ɗimbin mutane, sai bambancin ya ƙanƙance. A Denmak an duba bayanan mutum sama da 473,000 da aka yi wa gwaji, aka tarar masu O su ne kashi 38 na waɗanda suka kamu, alhali su ne kusan kashi 42 na jama'ar ƙasar. Ma'ana haɗarin kamuwarsu ya gaza na sauran da kusan kashi 13. Game da kwanciya asibiti da mutuwa kuwa, ba a ga wani bambanci tsakanin rukunan ba. A lardin Ontario na Kanada an bi mutum 225,556, aka samu ragi mai kama da wannan, wanda idan aka mai da shi kawunan mutane bai wuce mutum 4 cikin 1,000 ba. Sannan a watan Afrilu na 2021 aka fitar da binciken mutum kusan 108,000 a jihohin Utah da Nevada da Idaho na Amurka, shi kuwa bai ga alaƙa ko kaɗan ba, ko a kamuwa, ko a kwanciya asibiti, ko a shiga ɗakin kulawa ta musamman.

Abin da ya sa alƙaluman suka saɓa yana da amfani ki sani, domin shi zai hana wani sabon saƙon waya ya sake tayar miki da hankali. Babbar matsalar ita ce da wa aka kwatanta majinyatan. A binciken Italiya da Sifaniya, yawancin masu lafiyar da aka auna da su masu ba da gudummawar jini ne. Bankunan jini kuwa sun fi neman masu O, sun fi kiransu su dawo, saboda jininsu ya fi shiga jikin mutane da yawa. Don haka masu O sun yi yawa a ɓangaren masu lafiya fiye da yadda suke a gari, sai ya zama kamar cutar tana tsallake su. Matsala ta biyu ita ce rukunin jini yana tafiya da asalin mutum. Wasu al'ummomi B ya yi yawa a cikinsu, wasu O. Idan wata al'umma ta fi zama a cunkoso, ko ta fi yin aikin da ke haɗa ta da jama'a, za ta fi kamuwa, sai a jingina abin ga jini alhali yanayin rayuwa ne. Ta uku, ba kowa ne aka san rukunin jininsa ba. Waɗanda ke da shi a fayil yawanci masu juna biyu ne, da waɗanda aka taɓa yi wa tiyata, da masu doguwar jinya, ba su wakiltar kowa da kowa.

Idan maigidanki yana son hujja guda da ba ta buƙatar lissafi, ga ta: mafi yawan mutanen ƙasar Peru masu O ne, kuma Peru ce ta fi kowace ƙasa yawan mace-macen korona da aka ƙidaya idan aka auna da yawan jama'arta.

Duk da haka ba za mu ce babu komai a ciki ba, domin akwai dalilai na jiki da suka sa masana ba su yi watsi da zancen ba. Abin da ake kira A ko B wasu 'yan sarƙoƙin suga ne da ke manne a bayan jajayen ƙwayoyin jini. Wannan sugan ba shi da alaƙa da ciwon suga. Ba a jini kaɗai suke ba, suna nan a jikin ƙwayoyin da suka shimfiɗe hanyar numfashi, a yawancin mutane har a yawu. Mai O ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, shi ya sa jikinsa ke ɗauke da sinadaran kariya masu yaƙar A da B tun yana ƙarami. Ke mai A kina da masu yaƙar B kaɗai. Mai AB ba shi da ko ɗaya.

To, ƙwayar korona a cikin ƙwayoyin jikin mutum take hayayyafa, kuma ana ganin tana iya fitowa da ɗan tambarin sugan wanda ta fito daga jikinsa. Idan ta fito daga mai A ta sauka a hancin mai O, sinadaran kariyarsa na iya gane tambarin su tare wani kaso nata kafin ta kama wuri. An ga alamar haka tun lokacin cutar SARS ta 2003, wata 'yar'uwar korona, a wani ƙaramin bincike kan ma'aikatan asibiti 45 a Hong Kong, sannan a 2008 masu bincike a Faransa suka nuna a ɗakin gwaje-gwaje cewa sinadarin da ke yaƙar A yana iya hana ƙayar da ke jikin ƙwayar cutar manne wa ƙofar da take bi ta shiga jiki. A 2023 wani bincike a mujallar Blood ya ƙara da cewa ƙayar korona ta fi son mannewa ga tambarin A. Waɗannan duka hasashe ne masu ƙarfi, amma a ɗakin gwaje-gwaje aka fi ganinsu, ba a jikin mutane ba. Kuma in har wannan bayanin ne daidai, akwai abin da ya biyo baya wanda maigidanki bai lissafa ba. Kariyar tana aiki ne kawai idan wanda ya ɗauko cutar mai A ne ko B ko AB. Idan abokin aikin nasa mai O ne, ƙwayar ba ta ɗauke da tambarin da za a gane, babu wata kariya. Haka nan duk ranar da shi ya kamu, abin da zai fito daga numfashinsa ba ya ɗauke da A ko B, saboda haka jinin Mama, ko wane iri ne, ba zai tare mata komai ba.

Dalili na biyu ya shafi daskarewar jini. Akwai wani sinadari mai suna von Willebrand da ke taimaka wa jini ya daskare idan an ji rauni. A jikin masu O ya yi ƙasa da na sauran da kimanin kashi 25 cikin ɗari, shi ya sa tun kafin korona aka san cewa masu A da B da AB sun ɗan fi samun gudan jini a jijiyar ƙafa ko huhu. Korona mai tsanani tana sa jini ya riƙa daskarewa a ƙananan jijiyoyi, don haka ba abin mamaki ba ne idan wannan bambancin ya ɗan yi tasiri. Daga nan ne shawarar ƙawarki ta samo asali, kuma shawara ce da ba za ki bi ba. Asfirin na kullum ga mace mai shekara 36 da ba ta da ciwon zuciya ba ya hana kamuwa da korona, abin da zai iya jawo miki shi ne gyambon ciki, zubar jini a hanji, da ƙaruwar jinin al'ada. Masu A sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya, babu wata hukumar lafiya da ta ce su sha maganin tsinka jini saboda rukuninsu. Babu kuma wani abinci ko ganye da ke canza rukunin jini. Sai abu irin dashen ɓargo ne ke iya yin haka.

Yanzu mu ajiye jini mu dubi abin da ke da nauyi. A watan Yuli na 2020 an fitar da nazarin bayanan manya miliyan 17 a Ingila, kafin a samu riga-kafi. Ta fuskar shekaru kaɗai, haɗarin mutuwar mai shekara hamsin da wani abu ya ninka na wanda bai kai 40 ba fiye da sau 10. Na mai shekara saba'in da wani abu ya ninka na ɗan hamsin kusan sau 6, na wanda ya haura 80 kuwa sau 20. Kasancewa namiji ya ƙara fiye da rabi a kai. Ciwon sugan da ba a shawo kansa ba ya kusan ninka haɗarin biyu, haka ma ƙiba mai yawa. Ki ɗora waɗannan a gefe guda, ki ɗora ragin kashi 12 ko 13 a ɗaya gefen. Riga-kafi da kamuwar da yawancin mutane suka riga suka yi sun rage haɗarin kowa ƙwarai, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta janye matakin gaggawa tun ranar 5 ga Mayu, 2023, amma jerin bai canza ba: tsofaffi da masu doguwar cuta ne har yanzu ke kwanciya. Shi ya sa babu asibitin da ke tambayar rukunin jini kafin ya yanke shawarar wa za a kwantar. Abin da ake tambaya shi ne shekaru, suga, ƙoda, zuciya, huhu, juna biyu, da ƙarfin garkuwar jiki.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ki tabbatar game da kanki. Mutane da yawa suna cakuɗa rukunin jini da jinotayif. A, B, AB da O rukunin jini ne, wanda ake dubawa kafin ƙarin jini. AA, AS da SS kuwa jinotayif ne, ya shafi sikila, kuma ba ruwansa da wannan zance. Mun sha ganin mai AA ya ɗauka shi ne mai A da ake magana. Idan takardarki ta ce A da alamar tarawa ko ɗebewa a gefe, to rukuni ne. Inda jinotayif ya shigo shi ne mai SS, wanda korona na iya tayar masa da ciwo ko ta taɓa masa ƙirji, shi yana cikin masu buƙatar kulawa da wuri ko da jininsa O ne.

Abin yi a makon nan ba shi da wuya. Alamomi sukan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 14 bayan cuɗanya, a nau'o'in yanzu yawanci cikin kwana 3 ko 4. Idan maigida ya fara jin ciwon maƙogwaro, mura, zazzaɓi ko kasala, ya yi gwaji a ranar. Idan bai ji komai ba, ya jira kwana 5 daga ranar cuɗanya ta ƙarshe, domin gwajin da aka yi da wuri yakan ce babu alhali ƙwayar ba ta taru ba ne. Gwajin gida na gaggawa idan ya nuna babu, a maimaita bayan awa 48. A karanta shi a lokacin da takardar kwalin ta faɗa, yawanci minti 15, kada a dawo bayan awa guda a ga wani dishi-dishin layi a ce an kamu. Layi na biyu da ya fito cikin lokaci, komai rashin kaurinsa, kamuwa ce. Har kwana 10 su cika, ya sa takunkumi mai kama fuska sosai idan zai shiga wurin Mama, ya taƙaita zaman, tagogi a buɗe. Iska mai ratsa ɗaki ta fi goge-gogen hannun ƙofa amfani nesa ba kusa ba, domin ta numfashi cutar ta fi yaɗuwa. Idan wani ya kwanta a gidan, ke ce ya fi dacewa ki yi jinya, da takunkuminki, ba shi ba.

Idan gwajinsa ko na Mama ya nuna an kamu, a kira likita a ranar, kada a tsaya ganin yadda jiki zai yi. Akwai maganin da ake kira Paxlovid da ake ba masu haɗari, amma sai an fara shi cikin kwana 5 da bayyanar alamomi yake aiki. A karanta wa likita sunan duk maganin da suke sha, saboda yana karo da wasu magungunan rage kitse a jini irin su simvastatin, da wasu na tsinka jini da na bugun zuciya, kuma ana rage shi ga mai raunin ƙoda. Kada a sayo dexamethasone, wani maganin rage kumburi, a ba mara lafiya a gida. Ya ceci rayuka, gaskiya ne, amma ga waɗanda suka kai matakin buƙatar oksijin. Ga wanda numfashinsa lafiya lau ba ya amfani, ga mai ciwon suga kuwa yana harba sugan sama. Maganin kashe ƙwayoyin bakteriya da kulorakwin ma ba sa taɓa korona. Don zazzaɓi farasitamol ya isa, giram 1 a lokaci guda ga babba, tazarar awa 4 zuwa 6, kada a wuce giram 4 a yini, kuma a duba maganin mura da ake sha tare da shi don sau da yawa akwai farasitamol a ciki.

Zazzaɓi yana tayar da suga ko da mutum ba ya cin abinci. Ya riƙa aunawa kowace awa 4, ya yawaita shan ruwa, kuma in yana allurar insulin kada ya daina don ba ya jin cin abinci. Idan amai ko gudawa suka shigo, a tambayi likita ko za a dakatar da maganin suga na metformin da wasu magungunan hawan jini na ɗan lokaci, domin idan ruwan jiki ya ƙare suna iya wahalar da ƙoda. In ba haka ba ya ci gaba da maganin hawan jininsa yadda ya saba.

Game da ƙarin riga-kafi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tsofaffi da masu ciwon suga da makamantansu a sahun gaba, tana ba da shawarar su ƙara bayan wata 6 zuwa 12 da allurar ƙarshe, gwargwadon shekaru da lafiyar mutum. Ba ta ware masu O ba. A ganinmu kada ki shiga musu da shi kan ko O na da kariya, domin zai nuna miki labarin da ya karanta, kuma labarin ba ƙarya ba ne. Ki yarda masa da wannan, sannan ki ce masa ragin mutum 4 ne cikin 1,000, kuma ba ya hana shi kai wa mahaifiyarsa cutar. Namijin da ba ya jin tsoro don kansa yakan ji don uwarsa. Zancen allurar kuwa ki bari sai ranar da zai je duba sugansa, ki roƙe shi ya tambayi likitan da kansa.

Ki samu 'yar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa. A ɗumama hannu, a goge jan farce, a zauna minti 5, a jira lambar ta tsaya. Daga 95 zuwa sama daidai ne. Idan ta tsaya a 93 ko 94, a kira likita. Idan 92 ce ko ƙasa, asibiti kai tsaye. Amma a sani cewa na'urar takan nuna lamba sama da ta gaskiya a kan fata mai duhu, wani bincike na jami'ar Michigan ya tabbatar da haka a ƙarshen 2020, don haka kada lamba mai kyau ta sa a raina abin da ido ke gani. Haki ana zaune, kasa ƙarasa magana ba tare da tsayawa jan numfashi ba, nauyi ko ciwo a ƙirji, leɓe ko harshe ya canza launi, fitsari ya ɗauke, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, duk na tafiya asibiti ne ko da na'ura ta ce 97. Ga Mama kuwa cutar na iya zuwa ba zazzaɓi ba tari. Ruɗewa, yawan barci, ƙin abinci ko faɗuwa ba dalili sun isa a kai ta a duba. A ƙara sa ido tsakanin kwana na 5 da na 10, domin a nan ne wanda ya fara samun sauƙi yakan juya.